Waziri Giɗaɗo Ɗan Laima, Ƙofar Sarkin Musulmi

Babu ma'aikacin da bai san kalmar nan jakada ba. A zamanin da, jakada shi ne baran hakimi, wanda ubangidansa ke aikawa ƙauyuka ya tattaro haraji, shi kuwa hakimin yana zaune cikin birni kusa da Sarki. Da Turawa suka fitar da hakimai zuwa gundumominsu, sai wannan aiki ya mutu. Daga baya sunan ya sake tashi da girma, aka sa wa mutumin da ƙasa ke aikawa ya zauna a wata ƙasa, ya zama idonta da bakinta. Nijeriya ta ɗauki irin waɗannan ma'aikata na farko a 1957, su 12, aka shiga koya musu aiki kafin samun mulkin kai. Amma aikin kansa ya girmi wannan da nisa. Shekara 140 kafin nan akwai wani gida a Sakkwato inda takardun sarakuna ke sauka, inda manzanni ke tashi, inda kuma a ke saukar da baƙin da suka zo daga nesa. Mai gidan nan shi ne Waziri Giɗaɗo, Allah ya ji ƙansa, wanda za mu ba da labarinsa.

Sunansa na yanka Usmanu, ubansa Abubakar ne wanda a ke yi wa laƙabi da Laima. Giɗaɗo kuwa kalmar Fulatanci ce, ma'anarta abin ƙauna. An haife shi wajen 1776, ya tashi cikin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi karatu har Larabci ya zauna a bakinsa da alƙalaminsa. Tun suna samari suka shaƙu da Muhammadu Bello ɗan Shehu, ko da ya ke Giɗaɗo ya ɗan girme shi. Wannan abota ita ce tushen duk abin da ya biyo baya. Sa'an nan Shehu ya ba shi auren 'yarsa Nana Asma'u, malama mai waƙoƙi, watau ya zama surukin Shehu kuma mijin ƙanwar Bello.

Aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809. Masu tarihi sun cika littattafai da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe da sunayen jarumawansu, ba sai mun maimaita ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tuta kaɗai ba ta haɗa daula. Malaman da suka karɓi tuta sun watsu, wani a Kano, wani a Zazzau, wani a Bauci, wani can Adamawa, kowa da rundunarsa da jama'arsa da irin nasa ra'ayi. An kan ce faɗin ƙasar daga gabas zuwa yamma tafiyar wata huɗu ce. Ba waya, ba mota, ba rundunar da ke zaune kullum a hannun Sarkin Musulmi wadda zai tura ta tilasta wa wanda ya ƙi ji. Abin da ya rage sai takarda, da mutumin da za a amince masa ya kai ta, ya kuma faɗi abin da ba a rubuta ciki ba. Giɗaɗo yana cikin waɗanda Bello ya riƙa aikawa gabas tun Shehu na da rai, musamman a kan sha'anin Barno, sa'ad da Shehu Laminu ya rubuto yana tambayar da wace hujja a ke yaƙar Musulmi 'yan'uwa, a ke kuwa mayar masa da amsa. Gardama ce ta malamai, amma rayukan mutane ke rataye a kanta. Can ya koyi hanyoyi, ya san sarakuna ido da ido, su ma suka san shi.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu. Yamma ya ba ƙanensa Abdullahi, gabas ya ba ɗansa Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, sai ya naɗa Giɗaɗo Waziri. Lokacin ba na murna ba ne. Abdussalami ya tayar a Kware, ƙasashen da aka ci da yawa suka juya baya, Abdullahi kuma zuciyarsa ba ta kwanta da yadda aka yi naɗin ba sai bayan yaƙin Kalambaina, inda ya sallama wa ɗan wansa. Bello ya ƙare yawancin mulkinsa a kan doki ko a ribaɗi, saboda haka lalle a sami wani wanda zai riƙe sha'anin sarakunan gabas kada zumunci ya tsinke.

To, ga yadda aikin ya ke tafiya, gama nan ne ya kamata ma'aikaci ya tsaya ya duba da kyau. Sarkin da ke ƙarƙashin Sakkwato ba ya aika magana kai tsaye ga Sarkin Musulmi sai ta hannun wani babba na fada, wanda a ke kira ƙofarsa. Bisa ga tsarin da ya zauna, manyan ƙasashen gabas kamar Kano da Zazzau da Adamawa ƙofarsu Waziri ne, Bauci ta hannun Magajin Rafi ta ke bi, Katsina ta hannun Galadima. Ƙasashen yamma kuwa, irin su Nufe da Ilori da Yawuri, Gwandu su ke kai caffa. Kadan sarki ya aiko manzo, gidan ƙofarsa zai sauka, nan za a ciyar da shi da dokinsa, ƙofar ce za ta shigar da shi gaban Sarkin Musulmi, ita ce kuma za ta karɓo masa amsa. Gaisuwar da sarakuna ke aikowa, tufafi da dawaki da kuɗin wuri, har da bayi, don haka zamanin ya ke, duk ta wannan hanya ta ke shiga, ƙofa kuma tana da nata rabo a ciki. Wannan rabon shi ne albashinta, da shi ta ke ɗaukar nauyin baƙi da manzanni. Mai hankali zai ga inda haɗarin ya ke: mutumin da ke cin abinci daga hannun wanda aka ce ya sa wa ido, sai mai tsoron Allah ƙwarai ne zai faɗi laifinsa.

Aikin Waziri ya wuce na sauran ƙofofi. Kadan sarki ya rasu, masu zaɓe na ƙasar su kan aiko da sunayen waɗanda suka ga sun cancanta, Sarkin Musulmi ya zaɓi ɗaya, Waziri ko wakilinsa ya tafi da takarda da alkyabba da rawani ya naɗa shi a gaban jama'a. Kadan sarakuna biyu suka yi jayayya kan iyaka, ko kan bawan da ya gudu, ko gadon wani attajiri da ya mutu a baƙuwar ƙasa, Waziri ke sauraro. Shi ke kai kiran yaƙi, shi ke zaga ƙasashen gabas ya ga da idonsa ko ana bin shari'a, ya komo ya faɗa. Yana da malamai masu rubutu a gidansa, da barori amintattu waɗanda kowannensu ya san hanyar wata ƙasa da mutanenta, da mataimaki mai sarautar Ɗangaladima wanda a kan aika inda shi bai sami zuwa ba. Turawa su kan aje jakadansu ya zauna shekaru a birnin wani sarki. Nan kuwa manzo zuwa ya ke yi ya komo, sai dai zuwan ba ya yankewa.

Takardun nan da Larabci a ke rubuta su, a kan takardar da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus da Masar. A kan fara da sunan Allah da salati, a buga hatimi a sama, a ambaci mai aikawa da wanda a ke aika wa, a yi gaisuwa gwargwadon darajar kowa, sa'an nan a faɗi bukata cikin layi kaɗan. Sau da yawa a kan ambaci mai ɗauke da takardar, don sauran magana tana bakinsa. Dalilin gajartawar a fili ya ke: hanya tana da 'yan fashi da abokan gaba, abin da ke cikin kan manzo kuwa ba a kwance shi daga gafaka. Aibi guda da za mu ambata, ba don raini ba, shi ne yawancinsu ba su da kwanan wata. Manzo ya san ranar da ya taso, wanda ya karɓa ya san ranar da ta iso, suka ga ya isa. Yau ga takardun a hannu, masu bincike na shan wahala kafin su gane wace ta riga wace. Malamin ofis da ke ƙyashin rubuta kwanan wata a kan wasiƙa ya tuna da wannan.

Ban da sarakunan da ke ƙarƙashin tuta, akwai na waje waɗanda ba a umurtarsu, sai dai a yi shawara da su: Shehun Barno, da Sarkin Agadas da Abzinawansa, da Shehu Ahmadu na Masina, da malaman Kunta na wajen Tambutu. Kowane da irin lafazin da ya dace da shi, gama kalma guda ta girmamawa da aka rage ko aka ƙara tana iya zama da'awar mulki. Cikin baƙin waje kuwa babu wanda labarinsa ya bayyana halin Giɗaɗo kamar wani Bature na Ingila, Kyaftin Kilafatan, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdullahi.

Wannan Bature ya ƙetaro hamada daga Tarabulus zuwa Kukawa, ya biyo ta Kano, ya ratsa dajin Gundumi da rakiyar mahayan da Bello ya aika su tarye shi, ya shiga Sakkwato cikin watan Maris 1824. Yana ɗauke da takardar gabatarwa daga Shehu Laminu, don a lokacin akwai lafiya tsakanin Barno da Sakkwato. A hannun Giɗaɗo aka saukar da shi. Cikin littafin tafiyarsa ya siffanta Waziri da cewa dattijo ne mai ladabi, mai kyakkyawan Larabci, ya kuma riƙa zuwa hira wurinsa. Ya tarad da shi yana gina masallaci da dukiyarsa, babban maginin kuwa mutumin Zazzau ne wanda ubansa ya taɓa zama Masar. Cikin kwanakin nan ne agana ta kashe wani ɗa na Waziri da ya ke ƙauna, ɗan 'yar'uwar Bello, Baturen ya je ya yi masa ta'aziyya. Abota ce ta gaskiya ta shiga tsakaninsu, ba ta fatar baki ba.

Duk da haka Waziri bai manta ko baran wa ne shi ba. Kilafatan yana so ya wuce Yawuri da Nufe ya ga inda Kwara ta nufa, aka yi ta duba al'amarin, daga ƙarshe aka hana shi, aka ce hanya ba lafiya. Bello ya mayar masa da littattafan abokin tafiyarsa Danham, waɗanda aka kama a wani hari da Larabawa da mutanen Barno suka kai wa Fulani wajen Mandara a 1823, ya kuma nuna masa bai ji daɗin ganin Bature cikin wannan hari ba. Wannan ita ce gwanintar fada: a mayar maka da kayanka cikin mutunci, a kuma sanar da kai an san inda ka taka. Da zai tashi cikin watan Mayu, aka ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, a kan ciniki, da aiko wakili da likita su zauna a ƙasar, da hana fitar da bayi ta bakin teku.

Komowarsa ta biyu ita ce jarrabawar. Ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825, ya biyo ta ƙasar Yarabawa da Busa da Nufe da Zariya, ya iso Kano a 1826. Ya kama hanyar Sakkwato, sai suka haɗu da Giɗaɗo a kan hanya, Waziri na kan zagayensa na gabas. Tare suka tafi har sansanin Bello a ƙasar Gobir, inda a ke yaƙi. Amma duniya ta riga ta juya. Lafiyar da ke tsakanin Barno da Sakkwato ta ɓaci, Shehu Laminu na shirin tasowa da runduna wajen Kano, ga shi kuwa baƙon nan yana ɗauke da takarda da kyautai zuwa gare shi, har da makamai a cikin kayan. Ban da wannan, magana ta yawaita a fada cewa Ingilishi haka suka shiga Hindu, da ciniki da fara'a, har suka mallake ta.

Sai aka sa a ɗauko baransa Landa daga Kano da sauran kaya, aka nemi takardar Barno, aka karɓe makaman. Waziri ne aka ɗora wa wannan aiki, watau mai masauki ya shiga ɗakin baƙonsa ya karɓi abin da baƙon ya ɗauka amana ne a wuyansa. Kilafatan ya husata, ya kamanta abin da fashi, magana ta yi zafi tsakaninsu. In an duba da adalci, kowannensu yana kan gaskiyar aikinsa. Baturen manzo ne, manzo kuwa ba ya ba da takardar wani ga wani. Giɗaɗo Waziri ne, ba kuwa Wazirin da zai bar bindiga ta ratsa ƙasar ubangidansa ta isa hannun wanda ya ɗaura yaƙi da shi, komi daɗin hirar da suka yi da mai ɗauke da ita. Kuskuren na waɗanda suka shirya tafiyar ne a Landan, da suka haɗa saƙon sarakuna biyu a hannun mutum guda, suna tsammani abin da ke gaskiya a 1824 yana nan a 1826. Labari kan yi watanni kafin ya ƙetare hamada, kafin ya isa ya tsufa. Su kuwa masu tsoron abin da ya faru a Hindu, shekara ta 1903 ta nuna ba mafarki su ke yi ba.

A farkon 1827 Sarkin Bauci Yakubu ya tare rundunar Barno ya mayar da ita. Baturen bai ci amfanin wannan ba, ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, aka ba Landa izini da mutanen da suka taimake shi ya binne shi a wani ƙauye kusa da gari, aka kuma sallame shi ya koma gida. Wakilin da likitan da aka yi magana ba su zo ba.

Giɗaɗo ya ci gaba da aiki har Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekara guda bayan nasarar Gawakuke. Yana cikin manyan da suka tsayar da Abubakar Atiku, aka wuce wannan gaɓa ba tare da an zare takobi ba. Daga nan tsufa ya kama shi, ya fi karkata ga rubutu. Ya wallafa Raudul Jinan a kan Shehu da karamominsa da jama'arsa, da Alkashfu wal Bayan a kan Bello, Nana Asma'u kuma tana nata aikin cikin waƙa, gida guda alƙalami biyu. Sunayen mutane da yawa na zamanin Shehu, limamai da alƙalai da masu hidima, ta hannunsa suka iso gare mu. A 1842, da Aliyu Babba ya hau, wazirci ya koma ga ɗansa Abdulƙadir, ɗan Asma'u. Giɗaɗo ya rasu wajen 1850, matarsa ta yi masa marsiya, ita kuma ta rayu har 1864.

Abin da ya kafa bai rasa rauni ba, 'ya'yansa da jikokinsa ne suka ɗanɗana. Ƙarfin Waziri duk na girmamawa ne, in sarki ya ƙi jin takarda sai an roƙi maƙwabtansa su ba da dakaru. Haka ta faru da Abdulƙadir sa'ad da aka aike shi ya tuɓe Buhari na Haɗeja: Buhari ya ƙi, ya komo da ƙarfi, ya zauna kan gadonsa har mutuwarsa a 1863. Haka kuma jikansa Waziri Buhari, wanda ya hau a 1886, ya naɗa Tukur a Kano a 1893 bisa umurnin Sarkin Musulmi Abdurrahman, abin da ya jawo basasa. Shi ne kuma ya tsaya tsakanin jama'a da Turawa bayan an ci Sakkwato cikin watan Maris 1903, ya rubuta wa malamai risala yana bayyana dalilinsa na zama maimakon hijira.

A gidan Waziri Buhari ne Turawa suka sami tarin takardun da sarakuna suka aiko, wani jami'insu mai suna Bakwel ya juya wasu zuwa Turanci aka buga a 1927. Sarautar ta ci gaba a zuriyar Giɗaɗo zamanin En'e da bayansa. Waziri Junaidu ɗan Buhari, wanda ya riƙe ta daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya tattara littattafai da takardun kakanninsa ya adana su, ya kuma buɗe wa masu neman sani ƙofa. Unguwar da gidan ya ke, a cikin birnin Sakkwato, ana kiranta Giɗaɗawa.